Hular Baffa a Injin Wanki

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Kafin Hausa, ni da surukina, mahaifin matata, wanda duk muke kira Baffa. Ɗaurin auren ɗan ƙaninsa za mu je a Dutse, shi ne kuma wakilin ango. Masu bibiyata kun san ni da surutu, to a wannan tafiya bakina a kulle yake. Duk wanda ya auri 'yar Fulani ya san abin da nake nufi. Ba ka cin abinci a gaban suruki, ba ka haɗa ido da shi, ko tari ne ya taso maka sai ka nemi dabarar haɗiye shi.

Kuɗin mota ya tashi fiye da yadda na zata, direba kuwa ko sauraron ciniki bai yi ba, ya ce mu je gidan mai mu yi ƙorafi. Aka ba Baffa gaba saboda girmansa, ni aka cusa ni baya tsakanin wani ɗalibi da buhun albasa. Jakar Baffa aka sa a but, but ɗin da ba ya rufuwa sai an ɗaure shi da igiya. Damina ta yi albarka bana, gero hagu da dama ya fi mutum tsayi, shanu sun yi ɓulɓul. A Jahun yara mata suka yanyame motar da dafaffiyar masara. Na saya, amma na kasa kaiwa baki domin Baffa zai iya hango ni ta madubi. Haka na tura ta aljihu tana ƙona mini cinya.

Kafin mu kai Kiyawa ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Muka ratsa wani wuri da jan ruwa ya kwanta a kan hanya, direba ya taka mota bai rage gudu ba. Da hantsi muka shiga Dutse, duwatsun garin sun jiƙe sun yi baƙi ƙirin. A Limawa muka sauka, gidan ƙanin Baffa. Da aka buɗe jaka sai salati ya tashi. Farar babbar rigar da zai sa gobe ta sha ruwan laka, haka 'yar ciki da wando, haka hular.

Sai na yi muku bayanin hular nan. Ɗinkin hannu ce, marigayiya Inna, mahaifiyar matata, ita ta ɗinka masa da allurarta, kuma ita ce ta ƙarshe da ta gama kafin idonta ya yi rauni. Baffa ba ya sa ta sai ranar idi ko ɗaurin aure. Na san wannan sarai, ba zan ce ban sani ba.

Gidan babu injin wanki, kamar dai namu. Aka kira mai wanki da guga na unguwa, ya dubi rigar, ya dubi sama, ya ce ko ya wanke yanzu babu ranar da za ta busar da babbar riga kafin gobe. A nan ne neman suna ya ja ni. Na taɓa jin ana labarin wani shago a Takur inda inji yake wankewa ya kuma busar a zama ɗaya. Ban iya yi wa Baffa magana kai tsaye ba, sai na duƙa na ce wa ƙaninsa, "Baffa ƙarami, a bar mini kayan, kafin la'asar an gama in sha Allahu." So nake a ce surukin nan ya san birni.

Na hau adaidaita zuwa Takur. Shagon tsaf yake, injina a jere kowanne da zagayayyiyar ƙofar gilashi, janareto yana ruri a baya. Masu bautar ƙasa da ma'aikata suna zaune a benci, kowa ya sunkuya a kan wayarsa, wajen sai ƙamshin omo. Matar da ke kula da wurin ta ce, "Malam, ka taɓa amfani da shi?" Tunda nake ban taɓa ko taɓa injin wanki ba. Na ce, "Sosai ma." Ta nuna mini inda ake zuba omo, ta koma kujerarta.

Na zuba riga da 'yar ciki da wando. Hular ta rage a hannuna. Kowane Bahaushe ya san hula wankinta daban ne, masu wankinta suna goge ta da burushi a hankali, su sa mata sitaci, su ɗora ta a kan itacen da aka sassaƙa kamar kai. Amma na ce a raina injin da aka kawo daga ƙasar waje ai ya fi burushi iya aiki. Na jefa ta. Da na ga laka ce, na murɗa maɓallin injin zuwa ruwan zafi. Sannan na zauna a benci na fito da masarata da ta yi sanyi, ina ci ina kallon kayan surukina suna juyawa, ina jin kaina wani babba. Da aka gama na kwashe duka na zuba a injin busarwa, shi ma na ba shi wuta.

Rigar ta fito fes, ta fi yadda ta baro gida haske. Hular ce ban gani ba, sai da na zazzage ƙafar wandon ta faɗo. Ta tsuke, ta yi laushi kamar tsumma, zaren adon duk ya tashi. Na gwada a kaina, ko rabi ba ta shiga ba. Gumi ya keto mini alhali ana sanyin ruwa. Matar ta leƙo ta gani, ta koma kujerarta, wannan kallon kuwa ya fi mini zagi ciwo.

Na ruga bakin kasuwa wajen masu wankin hula. Wanda na miƙa wa ya juya ta ya ce, "Malam, wa ya dafa ta?" Ya sa mata sitaci ya ɗora a kan mafi ƙanƙantar itacensa. Ta tsaya, amma ya ce girmanta ya tafi ke nan.

Abin da na yi bayan nan ya fi ba ni kunya. Da na koma Limawa ban faɗa wa kowa ba. Na ajiye kayan a ninke a bakin ƙofar ɗakin Baffa, hular a sama, na sulale masallaci tun ba a kira salla ba.

Washegari Baffa ya fito cikin rigarsa, hular na ɗare a tsakar kansa, furfura duk a waje. Ƙaninsa ya kawo masa wata, ya girgiza kai. A haka ya zauna a gaban jama'a ya nemi aure, aka bayar, aka shafa fatiha. Ina can bayan sahu kaina a ƙasa. Ana cikin gaisawa sai wani dattijo Babarbare, abokin wasansa, ya ɗaga murya: "Kai Bafillace, hular wane yaro ka ƙwato?" Aka fashe da dariya. Baffa ya gyara mata zama ya ce, "Hula lafiyarta lau. Kaina ne ya ƙara girma, ai ka san mu kullum ƙara hankali muke." Ko inda nake bai kalla ba.

A hanyar dawowa na shirya kalmomin ban haƙuri tun daga Shuwarin, ban iya furta ko ɗaya ba. Sai da muka sauka a tashar Kafin Hausa, yana shirin hawa babur zuwa ƙauyensu, na durƙusa na ce, "Baffa, hular nan..." Ya katse ni. Ya cire ta, ya ninke, ya miƙo mini. "Kai wa abokina," in ji shi, yana nufin ɗana, jikansa, da aka haifa bayan rasuwar Inna. "Kakarsa ba ta gan shi ba, amma ga shi ta ɗinka masa hula." Ya hau babur ya tafi kai babu hula.

Tafiyar nan ta koya mini cewa "ban iya ba" ba ta kashe mutum, kuma wanda aka rufa wa asiri ya fi wanda aka yi wa faɗa jin nauyi. Na yi niyyar isar da saƙon kamar yadda Baffa ya faɗa in yi shiru. Matata ta karɓi hular, ta shafa ɗinkin da yatsa, ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "Inna ba ta taɓa ɗinka ƙaramar hula ba."

Na ajiye jaka, na zauna a ƙasa, na faɗa mata komai.