Allurar da Aka Yanke wa Wutsiya

Mahaifina mahauci ne a kasuwar Talata Mafara, kuma wurinsa na gado taurin kai. Sau biyu kububuwa ta sare shi. A na farko ina ƙarami. Aka yi masa allurar kashe dafi, borin jini ya taso masa, fuska ta kumbura, numfashi ya sarƙe, da ƙyar ya sha. Tun ranar ya rantse ba mai sake tsira masa ita.

A na biyu ya je Damri sayen shanu, ya taka wata kububuwar a bakin gonar shinkafa. Lokacin ina aikin jinya a wani ƙaramin asibiti, ɗan karatun da na yi ya hau mini kai. Aka kawo shi da hantsi, dasashinsa na zubar da jini. Na ɗauko kwalbar daga firji.

Ya ce, "Wagga ce ta kusa kashe ni. Mai da abarka."

Wallahi ina da amsa. Daga jinin doki ake tace maganin, wani sinadari mai kai biyu da wutsiya ɗaya. Kawunan ke kama dafi, wutsiyar kuma ita ta fi tsokano garkuwar jiki ta yi bore. Ta wancan karon da wutsiyarta take. Wannan an yanke mata, haɗarin ya ragu, ga kuma maganin borin a ajiye. Mutumin da ya tsufa yana cire maɗaciya daga hanta don kada ta ɓata nama, ai magana biyu ta ishe shi.

Amma ban faɗa ba. A gaban abokan fawarsa na ce, "Baba, bar masu ilimi su yi aikinsu. Nan ba mahauta ba ce."

Ya lalubo hularsa, ya ce su kai shi Maradun wurin mai maganin gargajiya. Na bi su har mota ina roƙo, ina zuba bayanin da ya kamata in fara da shi. Ya ce, "Ai jahili ba ya ganewa, likita." Ya ja ƙofa.

Kwana biyu ya yi jini bai tsaya ba. Da muka dawo daga maƙabarta, yayana ya miƙo mini hannu ya ce, "Likita, an gode."

Bayan mako aka kawo wani manomi daga Bakura da saran kububuwa, shi ma yana tsoron allurar. Na yi masa misali da maɗaciya. Ya yi dariya, ya miƙo hannu. Kwalbar Baba na fasa masa, kwana uku ya koma gida da ƙafarsa.