Shamuwar da Na Fitar Daga Allon Malam

Ranar Lahadi, biyu ga watan Afrilun 1972, ranar da gwamnati ta ce motoci su bar hannun hagu su koma dama, rabin mutanen Birnin Kudu sun fito bakin titi tun da hantsi suna jiran su ga karo. Wasu har da tabarma suka zo. Ni ma can na nufa, sai Kawu Sale ya kira ni daga gindin darbejiyar ƙofar gidansa ya ce in zo in gwada zartonsa. Shekara ɗaya da rabi ina gidan bai taɓa bari na taɓa shi ba. Na zauna, ya ɗora mini falankin akwatin shayi a kan benci, na ja sau uku, a na huɗu bakin zarton ya tsinke ya shige mini ƙasan farce. Jini ya ɗiga a kan farin katakon ya bi jijiyarsa. Kawu ya tsaya yana kallon tabon, sannan ya ce, "Ya ɗanɗana ka, yanzu ya san ka." A lokacin dariya na yi.

Kawu Sale ƙanin mahaifiyata ne, diresa a asibiti, mai wanke ciwo da ɗaure bandeji. Zarton ya same shi ne wajen wani likita Bature da zai koma ƙasarsu. Ba irin na kafintoci ba ne. Ƙarfe ne lanƙwasasshe kamar baka, bakinsa kuma siriri kamar tsirkiya, haƙoransa sai ka shafa da yatsa za ka san suna nan. Da shi Kawu yake fitar da furanni da ganyaye da tagogi masu huda-huda daga falanki. Ba ya sayarwa, wannan ne ya fi ɗaure wa mutane kai. Magidanci mai albashi ya taso daga aiki ya zauna yana ɓarzar katako har la'asar sakaliya, ya gama ya rataye a bango ko ya ba yaran maƙwabta. Mu ba mu da suna ga irin wannan aiki, saboda haka mutanen unguwa suka sa masa nasu, aikin banza. Matarsa cewa take yi gara ya koyi dara kamar sauran maza, ko ba komai dara ba ta cika mata tsakar gida da gari.

Yadda aka yi na zo gidansa kuwa, aro ne. Mu mutanen Kwandiko ne ta ƙasar Gwaram. Mahaifina manomi ne, ɗan malami, kuma tun farko bai so boko ba, mai gari ne ya rubuta sunana ba da shawararsa ba. Da na gama aji huɗu ya ce ya isa haka, in ɗauki fartanya. Kawu ya zo har gida ya durƙusa ya roƙa a bar ni in ƙarasa aji bakwai a wajensa, in zauna jarrabawar shiga makarantar gaba. Da Baba ya tashi amsawa, ina raɓe a bayan zana na ji da kunnena: "Na ba ka shi aro, Sale. Ranar da na ga boko ta taɓa abin da ba nata ba, zan karɓi abina." Ban san me zai iya zama abin da ba nata ba. Na dai san a aji ni ne na biyu, wani zangon na ɗaya, kuma shekara ɗaya da 'yan watanni suka rage mini.

Daga ranar canjin hannun nan na kamu. Na bar langa, na bar harbin ƙadangaru da danƙo a duwatsun bayan gari, da an tashi makaranta na ɗebo ruwa na share turken tumaki sai gindin darbejiya. Kawu ba mai yawan magana ba ne, koyarwarsa ba ta wuce abu uku ba. Haƙora su kalli ƙasa. Kada ka tura zarto, katakon za ka juya. In za ka fitar da rami a tsakiya, huda da ƙusa mai zafi, ka kwance bakin ka zura ta hudar ka sake ɗaurewa. Akwai na huɗu da bai lissafa a cikin koyarwa ba, yi kawai yake yi. Duk lokacin da ya fitar da tsuntsu ko dabba, in ya gama sai ya ja zarto ya tsaga wuyan har kusan rabi. Na tambaye shi dalili ya ce duk wanda ya ƙera siffar mai rai, ranar lahira za a ajiye masa ita a ce ya busa mata rai. "Amma wanda aka yanka ba a tambayar ransa," in ji shi. Ni dai tsagar nan muni take yi mini, na ƙudura a raina nawa tsuntsun ba zan ɓata masa wuya ba.

Da hutun damina ya zo na dame shi da roƙo har ya ba ni zarton da baki uku, naɗe a tsumma, in tafi da shi gida. Na ɓoye shi a ƙasan akwatina. A Kwandiko ba a san hutu ba. Da asuba mu fita maimai a gonar gero, ƙafa cikin raɓa, mu dawo da azahar bayanmu kamar an daka, in ci tuwo in kora awaki bakin rafi, in yanko musu ciyawa, in dawo in zauna gaban Baba da allona in biya abin da ya ce boko ta cinye. Duk wannan hannuna ƙaiƙayi yake yi. Shamuwa ta yi sheƙa a kan kukar gidanmu shekarar nan, kullum ina kallonta tana tsaye da ƙafa ɗaya, na zana ta a bayan littafin lissafi ya fi sau goma. Abin da babu shi ne katako. Garinmu ba mai shan shayin akwati, ƙofofinmu na kara ne, kujerun mata kuwa gungume ne da zarton ba zai ko kankare ba.

Wata ranar Talata Inna ta aike ni in ɗauko mata rariya a ɗakin da aka daina kwana, wanda kakana Malam ya rasu a ciki tun ina goye. Na ɗaga kai na ga wani abu soke a jinka. Na taka turmi na zaro. Tsohon allo ne na itacen aduwa, kansa ya karye, ya sha hannu har ya yi santsi ya siranta, gizo-gizo ya yi masa riga. Na juya gaba na juya baya, ba rubutu ko ɗigo. Ba zan yi wa kowa ƙarya ba, na san allo ne, na kuma san na wane ne, domin sunansa nake ɗauke da shi, shi ya sa ma Baba ba ya kiran sunana sai dai ya ce Mai sunan Malam. Amma na tsaya na yi lissafi irin na ɗan aji shida. Alfarmar allo rubutun da ke kansa ne. An wanke rubutu, an shanye ko an zubar a wuri mai tsarki. Abin da ya rage itace ne, karyayye ma, wanda ba mai nema. Lissafin ya fita daidai, ba saura. Na cusa shi cikin riga.

Kwana uku na yi ina yankan shi a bayan rumbu, kusa da turken awaki, lokacin da Baba yake kishingiɗa bayan azahar. Aduwa ba falanki ba ce, baki biyu ta karya mini kafin ta sallama. Tun jan farko na ga abin da ya kamata ya tsayar da ni. Garin da ke zuba ba fari ba ne. Baƙi ne ya fara fitowa, kamar an daka gawayi, sai zarto ya nutsa sannan fari ya biyo baya. Kuma yana da ƙamshi, ƙamshin tawada, na ƙaro da baƙin tukunya, wanda na sani tun kafin in san sunana. Shekara arba'in ana rubutu ana wankewa, ashe itacen yana shan rabonsa. Na waiga, ba kowa sai akuya tana tuƙa tana kallona. Na ci gaba. Ranar Juma'a shamuwa ta fito, dogon baki, ƙafa ɗaya a naɗe, wuyanta lafiya lau ba tsaga. Ban taɓa yin abin da ya kai ta kyau ba, kafin nan ko bayan nan.

Ƙanwata Hansai ce ta gan ta a akwatina ta ɗauka. Washegari da la'asar muka dawo daga gona, hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin, iska ta tsaya cak, kaji sun fara shiga akurki, sai ga Hansai a tsakar gida tana tafiyar da shamuwa a ƙasa tana yi mata waƙa. Baba ya ajiye fartanya. Ya karɓa, ya juya ta, ya kai ta hanci. Bai tambayi wa ya yi ba. Ya shiga ɗakin Malam ya fito, sannan ya dube ni ya ce, "A ina ka yanka?" Na nuna. Ya je bayan rumbu ya tsaya. Garin yana nan warwatse, baƙi da fari, cikin kashin awaki da sawun kaji, ga guntayen allon da na tura ƙarƙashin rumbu da ƙafa. Ya ɗaga kai ya dubi hadarin. Nan na gane abin da yake gani: in ruwan nan ya sauko, duk zai kwashe ya bi da shi ta magudana, ta bayan makewayi.

Mahaifina, wanda ban taɓa ganin gwiwarsa a ƙasa ba sai a salla, ya durƙusa cikin turken awaki. Ya ce wa Inna ta kawo ƙwarya sabuwa. Ya shiga tattara garin da tafin hannu, yana tsince kashin awaki ɗaya ɗaya yana jefarwa, yana kankaro ƙasar da farce har inda yake zaton garin ya shiga, bakinsa yana motsi. Inna ta durƙusa gefensa. Na sunkuya zan taya su ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Kai dai tsaya." Tsawa tana ta gurnani, ɗigon farko manya-manya suka fara faɗowa a bayansa, bai ɗago ba sai da ya share wurin tas. Ya rufe ƙwaryar da rigarsa ya kai ɗakin Malam. Daga baya ya haƙa rami a tsakiyar ɗakin ya binne, da guntayen duka.

Na zaci duka ne zai biyo baya, har na fara fata. Sai ya kira ni zaure, ruwa yana zuba kamar da bakin ƙwarya, ya ajiye shamuwar tsaye a kan buzunsa. Ya ce, "Busa mata." Na ɗago na dube shi. Ya ce, "Ai za a ce ka busa, gara ka fara koyo tun yau. Busa." Na sunkuya na hura. Ta faɗi. Ya tsayar da ita ya ce in sake. Sau uku. Sannan ya ce allon nan ba yarwa aka yi ba, allo ba a yar da shi, ba a ƙona shi, an ɗaga shi sama ne ana jiran ranar da zan sauke a gyara masa kai a rubuta mini a kansa. Ya ce in tashi in ba shi wuri. Daga ranar bai ƙara kirana Mai sunan Malam ba, sai dai kai, ko wancan.

Kwana goma sha ɗaya suka rage hutu ya ƙare, bai ce komai a kan makaranta ba. Inna ta wanke mini kayan makaranta ta ninke, ta soya mini ƙuli. Kullum ina duban fuskarsa a gona ina neman alama. Ranar tafiya na ɗauko akwati na fito, yana zaune a ƙofar gida yana gyara ƙotar fartanya, ya miƙo mini ita kawai. Na ji motar da ke zuwa Gwaram ta yi ham a bakin kasuwa, ta sake yi, ta tafi. Bayan sati biyu Kawu ya zo da takardar hedimasta, ya durƙusa a inda ya durƙusa da farko, ya ce laifinsa ne, shi ya ba yaro zarto. Baba ya saurare shi har ya gama, ya shiga ya ɗauko zarton naɗe a tsummansa ya ajiye a gabansa. "Ga naka, Sale. Na karɓi nawa." Shi ke nan karatuna.

Wanda yake bina a aji ya zauna jarrabawar, ya wuce, kuɗin man fetur ya zo ƙasa ya tarar da shi da takarda a hannu. Yau in ya zo wucewa ta Basirka, inda nake zaune, gilas yake saukewa ya ɗaga mini hannu, ni kuwa ina kan babur ina jiran fasinja. Saukar karatun allon ma ban yi ba. Yanzu ka shiga Birnin Kudu ka ga injin lantarki yana fitar da ɗawisu biyu a kan gadon amarya kafin ka sha ruwa, ba mai tsaga musu wuya, ba mai tambaya. Allo kansa na falanki ake yankowa dami-dami, ya karye yara su yi wasan mota da shi. Da a wannan zamani na yi abin da na yi, ranƙwashi ɗaya ne a wuce wurin, da na yi karatuna. Ban ce Baba ya yi daidai ba, har ya rasu ban ce ba, yau ma ba zan ce ba. Sai dai nakan duba mutanen da nake ɗauka a babur, manya da yara, in rasa ko mutum ɗaya da zai durƙusa cikin kashin awaki saboda garin katako, kuma ban san me ya sa rashin yake damuna ba. Mutumin da ya karya ni shi kaɗai nake kewa.