Zane Biyu, Madaci Ɗaya

Tun da jikana ya jibge katakan madaci a ƙofar gida, ɗacinsu ya cika mini ɗaki. Wai jirgi zai haɗa ya riƙa fito a madatsar Goronyo, shi da bai taɓa riƙe zarto ba. Ni kuwa warin nan ba baƙona ba ne, da shi na yi wayo, kuma har yau in na shaƙe shi sai jikina ya mutu.

A ƙauyenmu na ƙasar Wurno, zamanin Nasara, gonar geronmu tana tudu, ta shinkafa kuwa tana hayin gulbin Rima. In kaka ta yi, masu fito ke hayar da mutane su dawo da dammuna. Shekarar da nake ba ku labari, ina 'yar tallan fura, ruwan sama ya ɗauke tun gero yana bununi, ba a sami abin kirki ba. Shinkafa ce kaɗai ta yi kyau, ita kowa na gidanmu ya zuba wa ido. Sai ga saƙo daga wurin hakimi, wai Nasara yana son jiragen yankin duka su yi jigilar duwatsun aikin hanya. Ba a faɗi ranar dawowarsu ba.

Babana manomi ne, hannunsa bai san komai ba sai kalme da lauje, amma ya ce zai sassaƙa nasa jirgin. Ya yi ta sintiri wajen malamin daji har aka yarje masa madaci ɗaya tak, don a lokacin wanda ya sari itace ba izini sai ya kwana gidan yari. Aka kayar, aka jawo gungumen bakin gulbi.

Nan tsofaffi suka shigo. Akwai ƙanen kakana, wanda ya riƙe babana tun yana maraya, Baffa muke ce masa. Ya taɓa zuwa Yawuri da ƙuruciya, kuma bai bar kowa ya manta ba. Ya zo da sandarsa ya zana jirgi a kan rairayi, dogo siriri mai tsinin baki, ya ce irin wannan ke yanka ruwa. Kashegari kakana na wajen uwa, falken albasa, ya zana nasa kusa da wancan, gajere mai faɗin ciki, ya ce jirgi don kaya ake yin sa. Ku sani, cikinsu babu wanda ya taɓa sassaƙa ko muciya. Sun dai shiga jirgi, an tuƙa su.

Kowane zane babana ya ɗauka cikin biyun, da ya kai shi ya dawo da shi lafiya. Amma ɗaya uba ne, ɗaya suruki, wanda ko ido ba ya iya haɗawa da shi. Sai babana ya saro ƙaya ya kewaye zanen biyu kada awaki su taka. Kullum da hantsi ya je ya tsuguna tsakaninsu, ya daɗe, ya dawo bai ɗaga gizago ba, shinkafa kuwa tana can tana nuna, ba ta jiran kowa. Inna ba ta da bakin magana, tunda zane ɗaya na mahaifinta ne. Sau ɗaya na ji ta tanka, tana tankaɗe ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Malam, mi za ka ɗauka ciki, shinkahwa ko dattijai?"

Babana ya tashi ya koma bakin gulbi. Ya dai samo dabarar da a ganinsa ba za ta ɓata wa kowa ba: gaban jirgin na Baffa, bayan na suruki. Haka ya duƙufa har tafin hannunsa ya yi kanta ya fashe. Inna tana hura wuta da ɓaraguzan itacen, tuwonmu na kwanakin nan duk ɗaci yake.

Da aka gama, yara suka ce ludayi ne, kuma ba su yi ƙarya ba. Tsofaffin biyu suka zo, kowa ya tsaya gefen nasa yana shafawa yana sa albarka. Babu kaya jirgin ya haye lafiya lau. Ranar dawowa muna bakin gaɓa ni da Inna da kwanduna. Da yake gaban ba shi da wurin kaya, dammunan duk a baya aka jibge su, bakin ya ɗaga sama. Yana kaiwa tsakiya ruwa ya kama shi ya juya, ya sake juyawa, ya maka shi da wani kututture. Ya tsage daidai inda siririn ya haɗu da mai faɗin. Babana ya fito da iyo, shinkafa ta bi gulbi. Inna ta kife kwandonta ta zauna a kai.

Madaci na biyu babu. Abin da ya rage a hayi, da gora babana ya riƙa hayewa kamar masunta, yana ɗauko dami ɗaya a ka. Tsuntsayen jan baki sun fi shi sauri. Abin da ya shigo rumbu bai kai mu ko tsakiyar rani ba.

Baffa ya zo jaje, ya ce, "Da ka bi nawa dut, da wanga bai hwaru ba."

Babana yana tsugune ya ce, "Gaskiya na, Baffa."

Da la'asar suruki ya zo ya faɗi irin maganar nan, aka ba shi irin amsar. Gari ya ɗauka, ana cewa ba a taɓa ganin ɗa mai kara irinsa ba. Mu kuwa muna cin tafasa, don yabo ba ya shiga tukunya. A shekarar babana ya fara tafiya cin rani kudu, ya dawo a rame yana tari. Daga nan kowane rani sai ya tafi, har ranin da aka dawo mana da buzunsa da butarsa. Na daɗe ina jin haushin tsofaffin nan, yanzu ko haushin na gaji da shi.

Shekaranjiya jikana ya shigo ya tsuguna, ya nuna mini hotunan jirage biyu a wayarsa, wai in sa baki. Yanzu ba a zane a rairayi, ba a kuma tsoron awaki. Na ce idona ba ya gani, ya faɗa mini wanda yake so. Ya sosa ƙeya ya ce kawunsa ya ce wannan, uban matarsa ya ce wancan, shi dai yana tunanin ya haɗa su.

Na ba shi labarin nan kaf. Na ce ya zaɓi ɗaya, ya je ya ɓata wa mutum ɗaya rai, fushin tsoho ba ya kai yunwar shekara daɗewa. Ya saurara har ƙarshe, kansa a ƙasa.

Ya ce, "Gaskiya na, Kaka."

Na san muryar nan. Tun jiya nake jin ƙarar guduma a ƙofar gida, ban kuwa leƙa ba.