Akwatunan da Ba Modu ya bari a buɗe

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safiyar yau labarin ya same ni. Ina tsaka da ɗaga ƙofar shagona a Gashuwa, Goni, ƙanen Ba Modu, ya kira ni ya ce, "Buba, Ba Modu ya rasu."

Na ce wane Modun? Kamar ina da wani.

Ya yi sallar asuba a masallacin unguwarsu, ya zauna lazimi, ya jingina da bango. Jama'a suka watse. Ladan ya zo zai rufe tagogi, ya taɓa kafaɗarsa. Shi ke nan fa. Ba ciwo, ba kwanciya.

Na saba kowace yamma in zauna in rubuta abin da ya faru a rana. Yau na riƙe biro na kasa, shi ya sa na ɗauki waya na zo nan dandalin sada zumunta. Ban ma tabbata ya dace in yi rubutu tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba, amma akwai mutanen da dole saƙon nan ya isa gare su, kuma ba ni da lambar kowa a cikinsu sai mutum ɗaya.

Ga wanda bai san shi ba, Ba Modu mai gyaran akwati ne a Nguru, rumfarsa na kusa da tashar jirgin ƙasa. Da kekunan ɗinki ya fara. Ni kuma jakunkuna nake sayarwa a Gashuwa, ina ɗan canja zif da mariƙi. Duk abin da ya fi ƙarfina, shi nake kai wa.

Bai taɓa shiga filin jirgin sama ba, amma akwatunan ma'aikatan jirgi ne suka cika rumfarsa. Yagana ce sanadi, 'yar maƙwabcinsa da ke aikin hidimar fasinja a cikin jirgi. Wata sallah ta zo gida, ta ja akwatin aikinta cikin rairayi daga tasha har ƙofar gidansu, taya ɗaya ta ƙi juyawa. Ya gyara mata. Da ta koma Kano abokan aikinta suka ga nata ba ya ƙara, sai suka fara ba direbobin Nguru nasu su kawo.

Yana da dokokinsa, kuma duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya haddace su.

Ba ya canja taya ɗaya, sai duka biyu. Ba ya sa giris, wai giris da rairayi in suka haɗu sun zama takardar goge katako. Zif kuwa kyandir yake goga masa. Duk inda kamfani ya buga ribit, ƙusar nan da ba ta kwancewa, sai ya cire ya sa noti, don ko a wata ƙasa abu ya kwance, mai akwati ta ɗaure da kanta.

In aka tambaye shi wane akwati za a saya, sai ya ce a bar maganar kala. A juya shi a ga ko tayar ta shige cikin jiki ko ta fito waje tana jiran duka. A zaro mariƙi a girgiza shi. In yana rawa tun a shago, a ajiye.

In ya gama gyara kuma sai ya zuba tsofaffin ƙarafa a ciki don nauyi, ya hau dandamalin tashar jirgin ƙasa ya yi ta jan sa yana karkata kunne. Masu shan shayin wurin suna yi masa tsiya, "Ba Modu, yau Jidda za ka ko Dubai?" Ya ce musu, "Wanda ya biya kuɗin shayinsa zan tafi da shi."

Ni ba ya kirana da sunana. Fulata yake ce mini, don iyayena Fulanin Jakusko ne. Kullum sai ya ce, "Kai Fulata, akwati ba saniya ba ce, ba a jan sa da ƙarfi."

Shekarar da ruwa ya shigo mana shaguna a Gashuwa, kafin in kira kowa sai ga shi ya sauko daga mota da buhun kayan aiki. Muka kwashe jakunkuna muka shanya, ya bi kowane zif ya goge don kar ya yi tsatsa.

Da ƙananan tayoyin keken marasa lafiya na Innata suka lalace, na nema har Damaturu ban samu ba. Ya zaɓo tayoyin wani tsohon akwati ya ɗaura mata. Ta zauna, ya tura ta zagaye tsakar gida yana cewa, "Inna, ki ɗaura bel, za mu tashi." Rabon da in ji dariyarta haka an daɗe.

Ganina da shi na ƙarshe, ranar kasuwar Nguru da ta wuce.

Na tarar ya kwance akwatuna huɗu lokaci guda. Ya zuge zif ɗin shafin ciki, ya cire tayoyi da mariƙai, kuma duk noti da wosha da boris da sifirin ya zuba su cikin kwanon sha ɗaya. Haka yake aiki. Ya sa hannu a kwano, ba ya ko dubawa, ya fito da wanda yake so.

Na ce, "Ba Modu, don Allah ka riƙa ware su. Ni kowane akwati da kwalin ashanarsa."

Ya ce, "Shi ya sa kake wata guda a kan zif ɗaya."

Na ce in ka manta fa?

Ya tura mini ledar kifi banda ya ce, "Ci, Fulata. In na manta ga ka nan, ka zo da ashanarka."

Muka yi dariya. Ya raka ni bakin titi, ya tsayar mini da mota, ya ce wa direba ya sa ni a gaba don Bafillace ba ya iya zaman baya. Ko waiwayowa ban yi ba. Wa zai ce in waiwaya?

Yau a wajen jana'iza liman ya yi tambayar da aka saba, ko akwai wanda mamaci ke riƙe da amanarsa. Goni ya ce akwai akwatunan mutane a rumfa, ba a gama ba. Liman ya ce wa zai ɗauke masa?

Kowa ya dubi na kusa da shi. Sai na ji muryata ta ce, "Ni."

Wallahi ban yi shawara da kaina ba. Ni da ba na sayen reza sai na kwana ina tunani.

Da muka dawo daga maƙabarta, matarsa Ya Falmata ta sa aka kira ni zaure. Daga bayan labule ta miƙo makulli. Ta ce, "Buba, bai taɓa mayar wa kowa akwati a buɗe ba. Kar ka bar shi ya kwanta da kayan mutane a wuyansa."

Yanzu haka a rumfar nake. Tabarau ɗinsa na kan benci inda ya ajiye jiya. Ga akwatuna huɗu a wage, ga kwano.

Yagana ta kira tana kuka. Ta ce, "Kawu Buba, ka bar su kawai, za mu san yadda za mu yi." Na matsa mata sai ta faɗi gaskiya. Mako mai zuwa za su fara jigilar alhazai, kuma akwatin aiki wani ɓangare ne na yunifom, ba a shiga jirgi da na kasuwa. Ɗaya daga cikin huɗun na wata sabuwar ma'aikaciya ne, wannan ce tafiyarta ta farko. In ta je babu shi, ana iya sa wata a madadinta.

Na shimfiɗa tabarma na juye kwanon. Na jera komai, dogo da dogo, gajere da gajere. Tayoyi na gane su. Mariƙan ne ke ba ni tsoro, don akwai wasu ƙananan filoli da sifirin a cikin sandar kowane mariƙi, kuma tsawon shekarun nan kallo kawai nake yi yana haɗawa. Ban taɓa yi shi kaɗai ba.

Na haɗa na farko bayan azahar. Na ja shi a nan gaban rumfa, sai yana karkata hagu. Na kwance. Na sake haɗawa, ya miƙe, amma mariƙin ba ya komawa ciki sai an buga shi. Zan sake kwancewa. Ban san sau nawa ba.

Na gaya wa iyalina ba zan koma Gashuwa ba sai na sa su a motar Kano.

To, masu akwatunan nan, in wannan rubutu ya iso gare ku: kayanku za su zo kafin ranar tafiyarku, in Allah ya yarda. In kun ji taya na ƙara, ko mariƙi ya cije muku a tsakiyar filin jirgi, hannuna ne, ba nasa ba. Ni za ku nema. Shi ku yafe masa tun yanzu, ku rubuta a nan ƙasa cewa kun yafe, in kai wa Ya Falmata a karanta mata.

Ya Allah ka jiƙan Ba Modu, ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka sauke masa duk wani nauyin da ya rage. Ka ba Ya Falmata da 'ya'yansa da Goni haƙurin wannan rashi. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya tsaya ya yi masa Ƙulhuwallahu. In ta ragu, ku sa ni a ciki, Allah ya daidaita mini hannu.