Zanen Gidan Su Abarshi

Abarshi ya haura hamsin, furfura ta ci rabin gemunsa, amma har yau ba ƙwaryar da ke fita daga zaurensu a Badagishiri sai tsohonsa, Malam Amadu, ya jujjuya ta ya ce ta yi. Haka gidan yake tun kaka da kakanni. Zanensu ɗaya ne, layi uku a baki da ƙafar kaza a ƙasa, ana ƙona shi da wuƙa mai zafi. In hannu ya kauce, a kankare. Abarshi yana iya yin sa ido rufe, kuma ya gaji da shi, gajiyar da ko matarsa bai taɓa faɗa wa ba.

Da daraktan lakwal, wato makarantar boko, ya roƙe shi ya riƙa koya wa yara zanen ƙwarya ran Laraba, a bar su su ƙago nasu, Abarshi ya amsa da saurin da ya sa shi kansa ya ji kunya. Tsoho ya yarda, amma a zaure za a yi, a gabansa. Idonsa ya yi rauni, yatsunsa kuwa ba abin da suka manta.

Yawancin yaran da sun ƙona yatsa sau ɗaya ba a sake ganin ƙeyarsu. Mubaraka, 'yar masu garka, wato lambun albasa, ita ta daure. Wata Laraba ta miƙo wa Abarshi ƙwarya. Fangalin albasa ta zana jere-jere, ga rijiya, ga ruwa yana ratsawa tsakaninsu har ya zagaye ƙwaryar. Abarshi ya daɗe yana kallo. Daɗi ya kama shi, da 'yar hassada, don irin abin da ya so yi ke nan tun yana saurayi.

Kafin ya cusa ta cikin buhu, tsoho ya miƙo hannu.

"Mi na wanga?" in ji Malam Amadu, yana shafawa.

"Garkassu ta, Baba. Yarinya ta, koyo takai."

"To, koya mata. Ba a hita da wanga daga zaurena a ce gidanmu ya lalace. Kankare shi."

A kasuwa Abarshi ba ya barin ta-kwana, amma gaban mahaifinsa ba ya musu. Ya ɗauki wuƙa. Mubaraka na tsaye har ƙwaryar ta koma fara fat. Ba ta yi kuka ba, wannan ya fi yi masa ciwo.

Ya zaci ba za ta dawo ba, har ma ya so hakan. Sai ga ta ran Laraba da zanen gidan, tsaf, babu kuskure ko ɗaya. Tsoho ya shafa, ya yi murmushi, ya sa mata albarka.

Da yara suka watse, Abarshi ya bi ta bakin ƙofa, ya rage murya.

"Ki sake yin garkan nan can gida. Ni ɗai za ki gwada ma."

Ta ɗan rusuna cikin ladabi.

"A'a, Malam. Yanzu ai na iya na daidai."