Saja Ɗahiru 'Yankuzo da Yaron Bakin Gada

Ranar Alhamis, tara ga Satumba 1999, da hantsi, Allah Ya karɓi ran yayana, Saja Ɗahiru Bawa 'Yankuzo, a wani asibiti a Gusau, bayan jinyar mako uku. Mu duka na Allah ne, kuma wurinSa kowa zai koma. Bayan La'asar maza suka kai shi makwancinsa a 'Yankuzo, geron da ya shuka bana yana tsaye a gona ba a girbe ba.

Yaya, yau kwana goma sha uku ke nan, har yanzu na kasa zama wuri ɗaya. In na shiga aji sai in fito, in na zauna a tsakar gida sai in miƙe ban san abin da zan ɗauko ba. Shi ya sa ni Adama, ƙanwarka, na ɗauki biro don in sauke abin da ka ɗora mini.

Kai ka tsaya a gaban Baba har ya yarda na tafi kwalejin horon malamai, kai kuma ka kai ni tashar Tsafe a bayan kekenka, akwatina a ka. A lokacin nan babu mai raha kamarka. In ka zo hutu daga bariki, yaran unguwa ba sa barin ƙofar gidanmu. A 1992 aka tura ka Laberiya cikin sojojin kiyaye zaman lafiya, kana tuƙa babbar mota. Ka dawo a shekarar da aka ba mu jihar Zamfara, kana jan ƙafar hagu, dariyar kuma ba ta dawo tare da kai ba.

Ranar ƙaramar Sallah ta farko bayan dawowarka, yara suka fito da bindigoginsu na kara suna harbin juna da baki. Ka fito ka ƙwace su ɗaya bayan ɗaya ka kakkarya. Yaran suka watse da kuka. Mutane suka fara raɗe-raɗin cewa soja ya taɓu, Inna ta shiga nemo maka rubutu.

Sai da damina ta sauka, na zo gida daga Rawayya inda nake koyarwa, na kai maka fura gona, sannan ka buɗe baki. Ka ajiye fartanya ka ce, "Adama, na kashe yaro."

Ka ce a bakin wata gada ne, da rana tsaka. Aka buɗe wa motarku wuta daga cikin ciyawa, abokin aikinka Idris ya faɗi a kafaɗarka, harsashi ya same ka a ƙafa, kai ma ka mayar da wuta. Da ƙura ta lafa ka ja jiki ka duba, sai ka tarar da yaro da bai wuce shekara goma sha ɗaya ba, sanye da rigar babba, bindigar ta kusa kai tsawonsa. Da sauran ransa. Yana ta maimaita wata kalma da yaren da ba ka sani ba. Ka ba shi ruwan gorarka, ya cika a hannunka.

"Ba wanda ya tuhume ni," in ji ka. "Ni ma in ban harba ba, da ban dawo ba. Amma wanda ya ba shi bindigar fa? Yana can yana cin abinci da cokali. Wa zai kama shi?"

Daga ranar ba ka ƙara hutawa ba, ba ka kuma bar ni na huta ba. Rediyo ba ta barin kunnenka. Ka ji cewa ƙasashen duniya suna da yarjejeniya a kan haƙƙin yara, ka sa na nemo ta na fassara maka. Da na zo wurin da aka ce kada a kai wanda bai kai sha biyar ba fagen yaƙi, sai ka tsayar da ni. "Sha biyar? Ɗana Ashiru sha biyar gare shi, ko akuya bai iya yankawa ba. A mayar da ita sha takwas." Ka ce kuma doka in ba ta da hannun kama mutum a duk ƙasar da ya gudu, takarda ce kawai.

Haka muka fara wasiƙu. Kai kana faɗa da Hausa, ni ina rubutawa da Turanci, ana aikawa Abuja, Adis Ababa, Janiba, duk inda ka ji rediyo ta ambata. Ka sayi tawada da manyan takardu, kana bin kasuwar Tsafe da ta Bungudu da tashoshin motar Gusau, kana roƙon mutane su dangwala yatsa. Wasu su dangwala don kunyarka, wasu su yi dariya. Na ji da kunnena wani direba ya ce maka, "Saja, mi ya haɗa mu da wanga zance? Nan Zamfara ina yaƙi?" Ka dube shi ka ce, "Mutanen can ma sun ce mini haka suke faɗa, kafin ya zo."

A Sabon Gari ka shiga shagon Obiora, mai sayar da kayan gyaran mota. Ka dawo kana ba ni labari. Ka ce ya saurare ka, sannan ya naɗe hannun riga ya nuna maka wani tsohon tabo, ya ce yana da shekara goma sha huɗu aka ba shi bindiga a yaƙin basasar ƙasar nan, kuma ko matarsa bai taɓa faɗa wa ba. Ya karɓi takardar ya tafi da ita cocinsu ranar Lahadi, ya dawo maka da ita babu sauran wurin sa yatsa.

Dole in faɗi nawa laifin. Hasana matarka ta kawo mini kuka, ciyawa ta cinye gona, ƙafarka tana kumbura, kai kana yawon tasha. Na ce maka, "Yaya, wa ke karanta takardun nan? Ka dubi 'ya'yanka, ka bar na Laberiya." Na ture biron na ce na gama. Ba ka yi mini faɗa ba. Ka naɗe takardunka ka tafi wurin masu rubuta wasiƙa a bakin gidan waya. Wata huɗu ba ka tako Rawayya ba.

Sai ga amsa ta zo da adireshin makarantarmu, daga wata ƙungiya a Janiba. Layi uku ne kacal: sun samu, sun gode, sun haɗa da na mutanen wasu ƙasashe masu neman abu ɗaya. Na bar aji na hau motar Tsafe. Ka sa na karanta maka sau biyar. Abin da ya fi kama ka shi ne wasu ƙasashen. "Ashe ba mu kaɗai ba ne," ka ce. Ba ka tayar da zancen faɗanmu ba, har ka bar duniya.

Bara da damina aka sanar cewa ƙasashe sun amince a Roma a kafa kotun duniya, kuma saka yaran da ba su kai sha biyar ba cikin yaƙi yana cikin laifukan da za ta hukunta. Na zaci ranar za ka zauna ka sha iska. Ina! Ka ce daga sha biyar zuwa sha takwas saura shekara uku a kan lissafinka, ka ɗauki tawada ka fita.

A watan jiya, kana kwance a asibiti, ciwon ƙafar ya shiga jini, rediyo ta ce Kwamitin Tsaro na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri a kan yara da yaƙi. Na yi maka albishir. Sai ka ce, "Madalla. To wa zai kai ta cikin ciyawa, inda yaran suke?"

Kwana biyu kafin rasuwarka ka sa Hasana ta ba mu wuri. Ka ce in ka tafi in rubuta maganar gadar a fili, da sunanka, kada in rufe komai. Na ce mutane za su yi maka wani kallo. Ka ce, "Su yi. Gara su ji daga bakin wanda ya harba, ko wani zai ji tsoro." Ga shi na rubuta. Hannuna bai so ba.

Jiya na tsaya a gaban 'yan aji shida, yara talatin da takwas, suna rige-rigen ɗaga hannu, sai na kama kaina ina auna kafaɗunsu da tsawon bindiga. Na juya ga allo don kada su ga fuskata. Rediyo kuwa tana nan tana kawo labarin Kwango da Angola da Sudan.

Ya Allah Ka jiƙan bawanKa Ɗahiru. Ka san abin da ya ɗauka duk shekarun nan, Ka sauke masa shi. Ka yafe masa abin da ya sani da wanda bai sani ba, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyya ga Innarmu, wadda ta binne ɗan farinta, da Hasana, wadda ta yi haƙurin da ni ban iya ba, da Ashiru da Maryam da Nusaiba, da tsofaffin sojojin da suka zo daga nesa, da mutanen 'Yankuzo baki ɗaya. Allah Ya ba mu dangana, Ya tsare 'ya'yanmu da 'ya'yan kowa. Akwai kuma wata uwa a Laberiya da ba wanda ya je ya yi mata gaisuwa. Ban san sunanta ba, ban san ko tana raye ba. Ita ma, daga gidanmu, Allah Ya ba ta haƙuri. Amin.

Adama Bawa
Rawayya, Bungudu