Ɗumin Ƙarƙashin Tabarmar Kaka

Warin da na ji ranar ba na hayaƙi ba ne. Ya fi kama da na zanen da aka bar wa dutsen guga ya ɗan jima a kai. Shekarata sha uku, dawowata ke nan daga makaranta, na tarar Kaka, mahaifiyar Baba, ta naɗe tabarmarta tana tsaye a gaban murhun falo.

Gidanmu na unguwar Erdington a Ingila tsoho ne, da murhun itace a jikin bango muka same shi. Wanda ya zauna kafin mu ya jera tayil masu ruwan bula a gabansa, sai sheƙi suke. Baba injiniya ne. Ya sa aka share bututun hayaƙi, ya duba, ya ce lafiya lau.

Kaka ta zo daga Kano ganin likitan ido, sanyi ya ritsa da ita. Ba ta yarda da kujerunmu ba, ta ce haɗiye mutum suke yi. A ƙasa take zama, dab da tayil ɗin, carbi a hannu, buta cike da ruwa a gefe. Takan ce duk Ingila nan ne kaɗai ƙasa ta yi mata maraba, don ɗumi ta ƙarƙashin tabarma yake ratso ta. Mu da ke kan kujera ba mu taɓa jin sa ba.

"Ƙawata, kira mini ubanki," in ji ta.

Baba ya shigo da kayan aiki a jikinsa. "Hajiya, lafiya?"

"Zauna."

Ya nufi kujera.

"Ba can ba, injiniya. A ƙasa, inda ka koyi rarrafe."

Ya durƙusa, ya ɗora tafin hannunsa a kan kafet. "Ai normal ne, Hajiya, zafin ne yake ɗan yaɗuwa."

"Tun kana ciki nake girki da itace. Wuta sama take nufa. In ka ji ta a ƙasa, abinci ta samu a can."

Baba bai ɗaga hannunsa ba, ya daɗe a haka.

Maginin da aka kira ya ɓamɓare tayil ɗin. Babu dutse a ƙarƙashi, babu kankare, a kan katakon daɓen gidan aka liƙa su. Katakon ya yi baƙi kamar gawayi, ya murmushe da maginin ya taɓa shi. Mako biyu ina dawowa ina kallon aikinsa. Ya zuba kankare, ya ɗora wani farin allo mara nauyi da ke hana zafi wucewa, sannan baƙin faifan dutse mai kauri. Cikin murhun ya jera bulon da wuta ba ta fasawa, ya yaɓe gefe da filasta mai jure zafi. Na yi ta mamakin yadda duk abin da zai tsare mu ya koma inda ido ba ya gani.

Ranar da aka sake hura wutar, Kaka ta shimfiɗa tabarma, ta jira, ta shafa ƙasa.

"Sanyi kamar gindin randa," ta ce. "To, Alhamdulillahi. Ƙawata, miƙo mini bargo biyu."

A kan barguna ta ƙarasa sanyin, ba ta ƙara cewa ƙasa ta yi mata maraba ba. Butar ma ta daina sauko da ita.

Bayan rasuwarta, ina jami'a a Manchester, Mama ta kawo mini ziyara. Muna tafe a kan titin Oxford Road na tuno butar, na ce ai ban taɓa ganin Kaka ta yi alwala da ita ba, a banɗaki take yi. Mama ta ce daga baya Kaka ta gaya mata cewa kusan mako uku ta yi tana jin zafin nan yana ƙaruwa, kullum tana cewa a ranta gobe za ta faɗa, tsoron sanyi yana hana ta. Ruwan butar na kashe wuta ne.